Wace waya da wane mahaɗi suka dace da eriyar Wi-Fi ɗinka?

Akwai wani aiki da na taɓa dubawa wanda har yau yake tsaya mini a rai. Mai aikin ya sayi eriya mai ƙarfin dBi 14 (dBi shi ne ma'aunin ribar da eriya ke ƙara wa sigina), ya hau rufi ya ɗaure ta tamau, ya saita ta tana fuskantar inda sigina ke fitowa, sannan ya jawo siririyar waya mita 10 ta taga zuwa rautar da ke kan tebur. Da ya kunna, abin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba. Ya zargi eriyar, ya zargi rautar, har ya fara tunanin sayen wata sabuwa. Da na juya wayar na karanta rubutun da ke jikinta sai na ga RG-58. Kusan duk abin da eriyar ta tara a sama, wayar ta shanye shi kafin ya sauko ɗaki.

Mutane kan zuba hankalinsu kaf a kan eriya da rauta, su ɗauki waya da mahaɗi a matsayin cikon kaya. A zangon Wi-Fi kuwa, wato 2.4 GHz da 5 GHz, da na baya-bayan nan 6 GHz, wayar da ke tsakanin eriya da rediyo, wato sashen na'ura mai watsa sigina da karɓarta, tana iya yanke hukuncin aikin gaba ɗaya.

Lissafin ba shi da wahala. Ana auna asarar sigina da desibel, ana rubuta shi dB. Duk dB 3 da ka rasa, rabin ƙarfin ya tafi. Idan ka rasa dB 6, kwata ya rage maka. Idan ka rasa dB 10, kashi ɗaya cikin goma ne ya isa. Rauta mai fitar da miliwat 100, in ta bi ta wayar da ke cin dB 10, miliwat 10 kacal ke kaiwa eriya. Abin da ya fi ciwo shi ne asarar hanya biyu take ci. Siginar da eriya ta kamo daga nesa, wadda dama ta iso a galabaice, ita ma sai ta biya wannan kuɗin fito kafin ta kai kunnen rediyo. Shi ya sa ƙara ƙarfin watsawa ba ya warkar da muguwar waya: kana iya ɗaga murya, amma ba za ka ji amsar da ake ba ka ba.

Tambayar farko: dole ne wayar ta yi tsawo?

Kafin a kwatanta wayoyi, ya kamata a kwatanta hanyoyin aikin guda biyu. Ta farko, rediyo yana ɗaki, eriya tana sama, doguwar wayar eriya ta haɗa su. Ta biyu, a hau da rediyon kansa sama kusa da eriya, a cikin akwatinsa da ruwa ba ya shiga, a sauko da wayar intanet ta Cat5e ko Cat6 wadda ke ɗauke da bayanai da wutar lantarki lokaci guda, tsarin da ake kira PoE.

Wayar intanet tana tafiya har mita 100 ba tare da ta rage komai daga ƙarfin siginar iska ba, domin an riga an mayar da siginar bayanai tun a sama. Babu wayar eriyar da za ta iya wannan. Saboda haka ne kamfanoni irin su Ubiquiti da MikroTik suke ƙera na'urorin waje da rediyo da eriya a jiki ɗaya. Ni dai a ganina, duk nisan da ya haura mita 10 a zangon 5 GHz, hawa da rediyo sama ya fi, sai in akwai wani dalili mai ƙarfi da ya hana. Sai dai a kula da abu biyu. PoE iri-iri ne: akwai mai bin ƙa'idar 802.3af da 802.3at, wanda ke tantance na'ura kafin ya sakar mata wuta, akwai kuma mai sakin bolt 24 kai tsaye ba tambaya, kuma ba a gauraya su da ka. Na biyu, wayar ta zama ta waje mai jure rana, cikinta jan ƙarfe zalla, domin mai alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe tana zubar da wuta a doguwar tafiya, kuma ga saurin karyewa.

Amma ba kullum ake samun wannan damar ba. Wani yana da rautar ɗaki da ba ta jure ruwa, wani katin Wi-Fi ne a cikin kwamfuta, wani kuma babbar eriya ce da ba ta zo da rediyo ba. A nan ne zaɓen waya ya zama dole.

Wayoyin da kansu

Duk wayar eriya gininta ɗaya: ƙarfe a tsakiya, farar roba ko soso ya kewaye shi, sai garkuwa ta saƙaƙƙen ƙarfe, wani lokaci da fallen alminiyam a ƙarƙashinta, sai baƙar riga a waje. Kayan Wi-Fi an gina su a kan om 50, wato ma'aunin turjiyar da sigina ke gamuwa da ita a cikinsu, don haka waya da mahaɗi su ma om 50 ake nema. Abin da ke bambanta wayoyin shi ne kauri da irin abin da aka cika tsakiya da shi. Mai kauri ta fi riƙe sigina, mai soso ta fi mai daskararriyar roba, kuma kowace waya asararta tana ƙaruwa in zango ya ɗaga.

RG-174 siririya ce, ba ta kai milimita 3 ba. Ita ce kan zo manne da ƙananan eriyoyi masu gindin maganaɗisu. A 2.4 GHz tana cin fiye da dB ɗaya da rabi a kowace mita. Eriya mai dBi 5 da aka ɗaura wa mita 3 na wannan waya ta riga ta biya ribarta duka. Amfaninta ɗaya ne, guntuwa ta santimita 15 zuwa 30 a cikin akwati, inda ake bukatar lanƙwasa. Ita da LMR-100 ajinsu kusan ɗaya, ko da yake LMR-100 ta ɗan fi ta, tana cin kusan dB 1.3 a mita.

RG-58 ita ce wadda aka fi samu, kuma ita ce ta fi ruɗar mutane. Kaurinta kusan milimita 5, om 50 ce, mahaɗanta a ko'ina. A ƙananan zanguna na rediyon hannu da na mota tana aiki lafiya lau, shi ya sa ake ganin kamar za ta yi a nan ma. A 2.4 GHz kuwa tana cin kusan dB 1 a mita, a 5 GHz ta wuce haka nesa. Mita ɗaya, a yi haƙuri da ita. Fiye da haka, ba na ba da shawara.

Daga nan sai jerin LMR na kamfanin Times Microwave Systems, wanda lambarsa ke nuna kaurin wayar. LMR-195 kaurinta ɗaya da RG-58, har mahaɗansu ma sukan shiga juna, amma da yake cikinta soso ne kuma garkuwarta biyu, asararta ta sauko zuwa kusan dB 0.6 a mita a 2.4 GHz, da kusan dB 1 a 5.8 GHz. Duk inda za ka sa RG-58, sa wannan ya fi. LMR-240 ta ɗan ɗara milimita 6, tana cin kusan dB 0.42 a mita a ƙaramin zango, da kusan 0.67 a babba. Ina son wannan waya ƙwarai, domin tana lanƙwasuwa, tana bi ta ƙaramar huda, kuma ba ta yi wa mahaɗin rauta nauyi. Daga mita 2 zuwa 5 da wuya ka yi da-na-sanin sayenta.

LMR-400 ita ce jakin aikin. Kaurinta ya ɗan wuce milimita 10, asararta kusan dB 0.22 a mita a 2.4 GHz, da kusan 0.36 a 5.8 GHz. Mu koma kan wancan aikin na mita 10. Da RG-58, kashi 10 cikin 100 ne ke isa. Da LMR-195, kusan kwata. Da LMR-240, ƙasa da kashi 40 kaɗan. Da LMR-400, kusan kashi 60. Wannan a 2.4 GHz ke nan. In aka hau 5.8 GHz, ita kanta LMR-400 sai ta cinye fiye da rabi a wannan tsawon. To ka ga dalilin da na ce doguwar waya da zangon 5 GHz ba sa ga maciji.

Sai dai LMR-400 tana da halinta. Tana da tauri, ƙarfen tsakiyarta guda ɗaya ne na alminiyam mai rufin jan ƙarfe, ba ya son a yi ta lanƙwasa shi gaba da baya. In ka karya ta a kusurwar bango, soson ciki ya matse, tazarar da ke tsakanin ƙarfen tsakiya da garkuwa ta canja, kuma miƙar da ita daga baya ba zai mayar da ita yadda take ba. Ka ba ta kwana mai faɗi, kamar za ta zagaye tafin hannu. Haka ma abin ɗaure waya, kada a ja shi har ya nutsa cikin rigar. Akwai nau'inta mai laushi da ake kira UltraFlex, wanda tsakiyarsa silili-silili ne, ya dace da eriyar da ake yawan juyawa, amma asararsa ta ɗan fi ta mai tauri.

Wani zai tambaya batun RG-213, tunda kaurinta ɗaya da LMR-400. Waya ce mai ƙwari, amma cikinta daskararriyar roba ce, kuma a 2.4 GHz asararta ta kai kusan ninki biyu na LMR-400. Nauyi ɗaya za ka ɗauka, wahala ɗaya za ka sha, ka samu rabin amfani.

Sama da nan akwai LMR-600, mai kaurin milimita 15, da wayar Heliax ta rabin inci mai garkuwar jan ƙarfe mai tudu da kwari, wadda ake gani a hasumiyoyin sadarwa. Asararsu ta sauko zuwa tsakanin dB 0.12 da 0.15 a mita a 2.4 GHz. Kayan ƙwararru ne, mahaɗansu na musamman, kayan yankansu na musamman. Duk wanda lissafinsa ya kai shi nan don aikin gida ko ƙaramin ofis, gara ya koma tambayar farko ya sake dubawa.

Akwai kuma wayar dish da talabijin, RG-6, wadda kusan kowa ke da ragowarta. Ita om 75 ce. Gaskiyar magana, rashin daidaiton om 50 da 75 ba ya cin sigina sosai kamar yadda ake tsoratarwa, kusan kashi 4 cikin 100 ne ke komawa baya a kowace mahaɗa, kuma RG-6 mai kyau ta fi RG-58 riƙe sigina a 2.4 GHz. Matsalarta tana bakinta. Mahaɗin F take ɗauka, sai ka nemo adafta a kai da gindi, kowace adafta da tata asarar, garkuwarta kuma yawanci alminiyam ce da dalma ba ta kamawa. Don gwaji na kwana biyu, za ta fitar da kai. Aikin da kake so ya shekara, ba ita ba ce.

Wata ƙaramar magana mai muhimmanci: ba duk wayar da aka rubuta 400 a jikinta ba ce take kai abin da lambar ke nufi. Kamfanoni da yawa na yin makamantanta, wasu da inganci, wasu a'a. Ka nemi takardar bayanan wayar da ke nuna asararta a 2400 da 5800 MHz. In da hali, ka fere santimita biyu ka duba. Saƙar garkuwa ta rufe ruf, kada ka riƙa hango abin da ke ƙarƙashinta ta tsakaninta kamar tsohuwar raga. Fallen alminiyam ya manne da soson, ƙarfen tsakiya ya zauna a tsakiya daidai.

Mahaɗai, inda kuɗi ya fi salwanta a banza

Mahaɗin N shi ne babban wa. An ƙirƙire shi a shekarun 1940, sunansa daga Paul Neill na Bell Labs. Yana da girma, murɗa shi ake yi, yana da roba a ciki mai tare danshi, yana aiki har 11 GHz, kuma ya dace da wayoyi masu kauri. Kusan duk eriyar waje ta kirki da N mace take zuwa, mai huda a tsakiya, don haka wayarka N namiji za ta ɗauka a can sama, mai siririn ƙarfe kamar allura da ke shiga hudar. A waje, ba ni da wani zaɓi da ya wuce shi. Abu ɗaya za a kiyaye: akwai N na om 75, a ido kamarsu ɗaya, amma allurarsa ta fi siriri. In ka cusa namijin om 50 cikin macen om 75, ka buɗe mata baki, ta lalace.

SMA ƙarami ne, ya fito a shekarun 1960, yana kaiwa 18 GHz. Shi ne na jikin na'urorin ɗaki. A nan ne rikicin yake, domin yana da tagwai mai suna RP-SMA, kuma tagwan ne ke jikin yawancin rautocin Wi-Fi da katinansu.

Asalin abin daga Amurka ne. Hukumar sadarwarsu, FCC, ta shimfiɗa cewa na'urar da ake amfani da ita ba lasisi, ko dai eriyarta ta zama ba a cirewa, ko mahaɗinta ya zama wanda ba a saba samu ba, don kada mai saye ya ɗora mata eriyar da ta fi ƙarfin da aka yarda. Sai masu ƙera kaya suka ɗauki SMA suka musanya cikinsa: allura ta koma inda huda take, huda ta koma inda allura take, haƙoran murɗawa kuma aka bar su yadda suke. Yau RP-SMA ya cika duniya, amma ruɗanin da ya haifar yana nan daram.

Ga yadda za ka rarrabe su. Jinsin mahaɗi daga jikinsa ake karantawa, wato mai noti, wanda haƙoransa ke ciki, shi ne namiji, mai haƙora a waje ita ce mace. Sai ka leƙa tsakiya. Noti da allura, SMA namiji. Noti da huda, RP-SMA namiji. Haƙora a waje da huda, SMA mace. Haƙora a waje da allura, RP-SMA mace, kuma ita ce kan fito a bayan rautar Wi-Fi.

In ka haɗa allura da allura, za ka ji turjiya, in ka matsa ka lanƙwasa ɗaya. Wannan aƙalla yana faɗa maka akwai matsala. Mugun shi ne huda da huda. Notin zai murɗu sumul har ƙarshe, ya zauna daram kamar an yi su don juna, alhali a ciki babu abin da ya taɓa wani. Daga kusa na'urar za ta kama 'yar sigina, sai mutum ya ɗauka eriyar ce ba ta da ƙarfi. Na taɓa ɓata yini guda a kan irin wannan, bayan wani mai sayar da kaya ya aiko mini da eriya an rubuta SMA a jikin ledarta alhali RP-SMA ce. Tun daga ranar ba na amincewa da rubutun leda, sai na haska tocila na leƙa da idona. Hakan ya fi faruwa ga masu rautar 4G da 5G, domin su yawanci SMA na asali suke ɗauka a ramukan eriyar salula, ƙananan na aljihu kuma TS9 ko CRC9, waɗanda turawa ake yi ba murɗawa ba. Rauta ɗaya tana iya zuwa da SMA na salula da RP-SMA na Wi-Fi jere da juna.

SMA ba ya son ƙarfi. Ka murɗa noti kaɗai, kada ka juya wayar ko jikin eriyar, domin juyawar tana goge allura. Ka ɗaure da yatsu, in ka ƙara da sifana mai lamba 8, to ɗan kaɗan. Kada kuma ka rataya masa LMR-400 kai tsaye. Ana sayar da irin wannan mahaɗin, amma nauyin wayar da taurinta sukan ɓalle ramin daga allon rautar. Abin da ya fi shi ne babbar waya ta ƙare da N, a ɗaure ta a bango, sai guntuwar waya mai laushi ta santimita 30, N a gefe ɗaya RP-SMA a ɗayan, ta ƙarasa.

TNC matsakaici ne tsakanin N da SMA, shi ma murɗawa ake yi, yana da ƙwari. Tagwansa RP-TNC shi ne a jikin tsohuwar rautar Linksys WRT54G da na'urorin Cisco Aironet da dama. In na'urarka da shi ta zo, ka bi ta, babu laifi a tare da shi. BNC, mai juyawa kwata ya kulle, an tsara shi zuwa kusan 4 GHz, ba ya tare ruwa, yana kuma ɗan motsi a mazauninsa, don haka a bar shi a teburin gwaji. PL-259, wanda ake kira mahaɗin UHF, sunan ne kawai, ba ya riƙe om 50 daidai, kuma bayan 'yan ɗaruruwan MHz ya gama aiki. Ba shi da gurbi a Wi-Fi ko kaɗan.

A can cikin kwamfuta da allon rauta kuma akwai 'yan mitsi-mitsi masu kama da maɓallin riga. U.FL na kamfanin Hirose shi ne a tsofaffin katinan mini PCIe, MHF4 na I-PEX, wanda ya fi shi ƙanƙanta, shi ne a yawancin katinan M.2 na yanzu. Ba sa shiga juna, kuma a hoto da wuya ka bambanta su, don haka ka duba lambar katinka kafin ka yi oda. U.FL an yi shi ne don a sa a cire kusan sau 30 kawai, SMA kuwa kusan sau 500. Ka saita shi a miƙe, ka danna har ka ji ƙas, in za ka cire ka ɗaga shi sama tsaye, kada ka ja wayar. Bayan ka sa, ka manne 'yar wayar da salatef a jikin akwati don kada jijjiga ta fizge shi.

Haɗaɗɗiya ko ka haɗa da kanka

Kowane mahaɗi, ko an yi shi da kyau, yana ɗan cin nasa. A lissafi ni nakan ware masa kwatan dB, adafta kuma rabi. Ɗaya ba komai ba ne, amma jerin adafta uku a kan juna ya kusa cinye abin da mita 5 na LMR-400 ke ci a 5.8 GHz, ga shi kowace mahaɗa ƙofa ce ta ruwa da sassautawa. Waya ɗaya mai mahaɗin da ya dace a kowane baki ta fi duk wata dabara.

Ga mai aiki ɗaya ko biyu, sayen wayar da aka riga aka haɗa a masana'anta, daidai tsawon da ake bukata, ya fi kwanciyar hankali. Ka auna hanyar da igiya, ka ƙara rabin mita, ka tsaya nan. Ragowar da aka naɗe a bayan kabad tana cin sigina daidai da wadda aka miƙe.

Mai yawan aiki kuwa zai so ya iya haɗawa. Mahaɗi ana sayensa ne da sunan waya, N na LMR-400 daban, N na LMR-240 daban. Mahaɗin da ake matsewa ya fi sauri kuma ya fi fitowa iri ɗaya kullum, muddin kana da filayar matsewa mai bakin da ya dace: inci 0.429 ga LMR-400, inci 0.213 ga RG-58 da LMR-195. Filayar gama-gari tana murƙushe zoben ne kawai. Wanda ake liƙawa da dalma kuwa yana bukatar hannu mai sauri, domin soson cikin LMR yana narkewa da zafi, ƙarfen tsakiya ya karkace. Ka bi ma'aunin fira da ke takardar mahaɗin har zuwa milimita, kada wuƙa ta ji wa ƙarfen tsakiya rauni, domin a wannan zangon sigina a fatar ƙarfen take tafiya. Ka duba kada silin garkuwa ko ɗaya ya taɓa allura. In ka gama, ka gwada da maltimita tun wayar ba ta haɗe da komai: allura zuwa allura ya yi ƙara, jiki zuwa jiki ya yi ƙara, allura zuwa jiki shiru. Wannan gwajin yana kama babban kuskure kaɗai, ba ya auna asara, amma ya ishe ka kada ka hau rufi sau biyu.

In na'urarka mai ramukan eriya biyu ce ko fiye, wato MIMO, kowane rami da wayarsa, kuma su zama iri ɗaya, tsawo ɗaya. Ka ga kuɗin waya ya ninka, wanda shi ma wani dalili ne na hawa da rediyo sama. A tuna kuma kowace ƙasa tana da iyakar ƙarfin da ta yarda a watsa, kuma ƙarfin eriya yana cikin lissafin, don haka in ka gyara waya ka sa babbar eriya, wataƙila sai ka rage ƙarfin rediyo.

Ruwa da tsawa

Robar da ke cikin mahaɗin N ba ta isa ta tsare shi shekara da shekaru ba. Rana ta dumama shi, dare ya sanyaya shi, iska mai danshi ta riƙa shiga tana fita, ruwa ya taru, saƙar garkuwa ta tsotse shi kamar lagwani ta kai shi cikin waya. Maganin naɗi uku ne. Ka fara da salatef ɗin lantarki a kan mahaɗin don ya ɓare cikin sauƙi ranar da za a buɗe. Sai tef ɗin roba mai narkewa ya haɗe da kansa, ana ja ana naɗawa, kowane zagaye ya hau rabin na baya. Sai wani salatef ɗin a sama don ya kare robar daga rana. Naɗin ƙarshe ya tashi daga ƙasa zuwa sama, yadda kowane zagaye zai rufe na ƙarƙashinsa kamar jerin kwanon rufi, ya kuma zarce mahaɗin da santimita 5 a kan wayar. Kafin waya ta shiga bango, ka sauko da ita ƙasa da hudar ka sake ɗagowa, ruwan da ya biyo ta ya ɗige a gindin lanƙwasar. Rigar wayar ta zama baƙa ta waje, domin ta ɗaki tana tsattsagewa a rana.

Makarin tsawa ana sa shi ne inda waya za ta shiga gini, yawanci N ne a bakinsa biyu. Akwai mai ƙwayar gas a ciki, wanda ke aiki a zango mai faɗi, akwai kuma wanda aka yanka don zango guda, wanda na 2.4 GHz ba zai yi a 5 GHz ba. Ka karanta zangon da ke jikinsa. Ko wanne ne, in ba a haɗa shi da ƙasa da gajeriyar waya mai kauri ba, asara kawai ya ƙara maka. Ba zai tsayar da aradun da ta faɗo kai tsaye ba, amma yana kwashe wutar da tsawar kusa ke cusawa cikin waya, wadda ita ce ta fi yawan kashe rediyo.

Ranar da ka gama aiki, ka shiga shafin na'urar ka rubuta ƙarfin siginar, wanda ake aunawa da dBm, misali -62, ka ajiye. Bayan ruwan sama ya yi 'yan makonni ka sake dubawa. In ka ga ta sauka zuwa -68 ko -70 alhali eriya ba ta goce ba, babu kuma bishiyar da ta tsiro a hanya, ka fara da mahaɗin da ke sama. Ka yanke naɗin, ka kwance, ka duba. In ka ga danshi, ko garkuwar ta yi baƙi ko kore ko farin gari, shanya ba za ta gyara ta ba. Ka riƙa yanke wayar taƙi-taƙi har ka iso inda ƙarfen ke ƙyalli, ka sa sabon mahaɗi a nan. In ka yanke mita guda ba ka iso ba, ruwan ya yi nisa, wayar duka za a canja.